Ganyen Akuya a Tsakar Gidanmu

A unguwar Adjamé ta birnin Abidjan aka haife ni, a wani gidan haya bayan kasuwa, inda mahaifina yake sana'ar goro. Iyayena daga arewacin Najeriya suka zo tun ba su daɗe da aure ba. Iyakar tsiron da na sani a yarintata shi ne faffaɗan ganyen da ake naɗe goro da shi, sai wata ciyawa da take fitowa a bakin kwata idan damina ta kankama. Tsakar gidanmu siminti ce daga bango zuwa bango. Idan Inna tana ba mu labarin gonar gidansu, da dawar da ta fi mutum tsawo, da kabewar da take hawa danga, sauraro nake yi kamar tatsuniya.

Da na girma sai na gaji rumfar atamfa a hannun ƙanwar Inna, a cikin kasuwar. Wuni nake ina warware wa mata furanni a kan tebur, ja da ruwan ɗorawa da shuɗi, manya kamar faifai, ƙanana kamar ƙwayar gero. Na san wanda yake tafiya lokacin biki, na san wanda ba ya zuba a wanki. Amma har na haifi 'ya'ya biyu ban taɓa shuka ko tsinke ba.

Aure ne ya kai ni unguwar Treichville, a ƙetaren gada. Maigidana fiton kaya yake yi a tashar jiragen ruwa. 'Yan kasuwarmu masu shigo da kaya daga waje sukan ba shi takardu, shi kuma ya bi ofis-ofis har kwantena ta fito. Muka kama ɗaki biyu a wani gidan taro da ba shi da nisa da tashar motocin zuwa garin Bassam, irin gidan da a nan muke kira kur: ɗakuna a jere ta kowane gefe, famfo ɗaya a tsakiya, igiyoyin shanya sun gitta ta sama. Mai gidan wata tsohuwa ce Bajula, wato 'yar ƙabilar masu magana da Julanci, mijinta ya rasu ya bar mata, kowa Ma yake ce mata. Kullum tana kan kujerarta ta roba a ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, babu abin da zai shiga ko ya fita bai bi ta gaban idonta ba. A ɗakin da ke bakin ƙofa kuma akwai wani mahauci, mutumin wajenmu, gwauro, mai yawan fara'a, yakan fita mayanka tun asuba ya dawo da azahar. Sauran 'yan hayar suna zuwa suna tafiya. Nan ma siminti ne ko'ina.

Wata rana da la'asar na taso daga kasuwa, sai woro-woron da na shiga, wato tasin haɗaka, ya mutu mana kafin mu hau gada. Direba ya buɗe gaban mota yana ta rantsuwa cewa yanzu-yanzu za ta tashi. Muka firfito muka tsaya a gefen titi. Wurin kuwa masu sayar da itatuwan ado ne suka jera kayansu a bakin ruwa, cikin baƙaƙen ledoji da tukwanen siminti. Na sha wucewa ta nan, ban taɓa kallonsu sau biyu ba. Ran nan ina tsaye ina fifita da gefen mayafi sai wani ƙamshi ya iso ni ta cikin hayaƙin motoci. Ba mai ƙarfi ba ne, kamar an ɗiga zuma a ruwan sanyi aka ɗan matsa lemo. Na bi shi da hanci har na tsaya a kan wasu gajerun itatuwa da ba su wuce gwiwata ba, masu ƙananan ganye bibbiyu suna fuskantar juna. Furensu siriri ne kamar 'yar ƙaramar algaita, wasu farare, wasu sun fara komawa ruwan ƙwai.

Mai su wani dattijo ne ɗan Burkina, da takalmin roba har gwiwa. Na tambaye shi sunan abin. Ya faɗa mini da Faransanci, na sa shi ya maimaita, sai dariya ta kama ni, don idan aka mayar da sunan Hausa, ganyen akuya ke nan. Ya ce akwai irinsa mai yaɗo yana hawa bango, amma wannan gajeren ne, wuri ɗaya yake zama ya tattaru kamar kwando. Ya tsinko fure ɗaya, ya cire gindinsa, ya ja wani ɗan zare a hankali ta ƙasa, sai ga ɗigon ruwa a bakinsa. Ya ce in lasa. Ni matar aure da 'ya'ya, a bakin titi, na lasa. Zaƙi ne zalla.

Ban tsaya dogon ciniki ba, abin da in wata ta yi mini a rumfata zan ce lallai baƙuwa ce a Adjamé. Na ɗauki biyu. Yana ɗaure mini su yana faɗin abin da suke so: ranar safe, inuwar yamma, ruwa amma kada gindinsu ya zauna cikin ruwa. Rabin maganar ta wuce ni, don motar ta tashi, direba yana ta danna hon. Na shiga da su a cinya, fasinjan da ke kusa da ni yana kawar da ganye daga hancinsa har muka sauka.

Ma ce ta fara gani. Ta tambaye ni da Julanci ko na miya ne. Na ce a'a. Ko na magani ne? Na ce a'a, na ƙamshi ne kawai. Ta dube ni, ta dubi ledojin, ta ce to kada dai su tare hanyar famfo, ta ci gaba da jan carbinta. Maigidana da ya dawo ya zagaya su hannu a baya, kamar yadda na tabbata yake zagaya kwantena. Da ya ji sunan ya yi dariya har da dafa bango.

"Maman yara, ashe kiwo za mu fara," in ji shi. "Kin sayo abincin, saura akuyar."

Amma shi ɗin ne washegari ya dawo da wata tsohuwar durom ta roba, shuɗiya, ya sa aka raba ta biyu, ya huda gindin da ƙusa mai zafi. Ƙasa ce ta ba mu wahala. A Treichville za ka samu kusan komai, daga injin jirgi har allura, amma ƙasar shuka sai an nema. Na koma wurin dattijon aka zubo mini baƙar ƙasa a buhu, na roƙi yashi a wurin masu gini a bayan layinmu, na gauraya. A ƙasan kowane rabin durom na jera fasassun tukwane da gawayi. Muka ajiye su jikin bangon ɗakinmu, gefen da rana take bugawa da safe, kafin azahar kuma inuwar benen maƙwabta ta rufe shi.

Ranar da na biya ta gida na ba Inna labari, ita ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni wace irin ƙasa na zuba, na faɗa mata. Ta ce in riƙa tura yatsa kafin in ba da ruwa, idan ya fito da danshi in bari. Sannan ta ce da rama ko yakuwa na shuka da an ci moriya, amma dai ba laifi.

Furen da na sayo su da shi ya zube cikin 'yan kwanaki, shukokin suka tsaya cak, ba gaba ba baya. Kullum da safe kafin in tafi kasuwa sai na tsuguna a gabansu ina neman sabon toho. Ina cikin wannan jiran babbar damina ta shigo. Wanda ya san Abidjan ya san ruwan nan da yake farawa da safe ya wuni yana zuba, kwatoci su cika su dawo wa mutane da abin da aka zuba musu. Tsakar gidanmu takan zama tafki, mu riƙa taka bulo zuwa bayi. Ni a tunanina shuka ta samu abin da take so. Sai na ga ganye yana yin ɗorawa daga ƙasa, da an taɓa ya faɗi. Na tura yatsa, ƙasar ta zama kunu. Ashe gindin durom ɗin ya manne da siminti, ramukan sun toshe, ga indararo yana zuba a kansu kai tsaye.

A cikin ruwan ni da maigidana muka kinkime su muka ɗora a kan bulo, muka matsar da su daga bakin indararo. Yana sanye da rigar zuwa aiki, ya jiƙe sharkaf, yana ta mitar cewa shi da ake jira a tasha ga shi nan yana jinyar ganye. Ɗaya ta farfaɗo. Ɗayar ta ci gaba da bushewa daga sama har ta zama tsinke, na tumɓuke ta na ga saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Abin ya yi mini zafi fiye da yadda zan iya faɗa wa mutane ba su yi mini dariya ba.

Wadda ta rage na riƙe ta da kyau. Da ruwa ya ɗauke, wasu fararen ƙwari kamar auduga suka manne a ƙarƙashin ganyenta, tururuwa na hawa da sauka a kansu. Ma ce ta hango daga kujerarta. Ta aiko mini da guntun baƙin sabulu, ta ce in kaɗa a ruwa in wanke ganyen da yamma, in ɗauraye da safe. Na bi ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsumma, na yi ta maimaitawa har ƙwarin suka ɓace. Da na je yi mata godiya ta ce ba don furen ta yi ba, tururuwa ce ba ta so ta shigar mata ɗaki.

Da rani kuma sai famfo ya fara yi mana wasa. Yakan ɗauke tun safe, sai ya ga dama ya dawo, kowa ya fito da bokiti a guje. Ruwan da aka tara da ƙyar don girki da wanka, kunya nake ji in ɗiba in zuba wa ganye a gaban mutane. Sai na koma tara ruwan wankin shinkafa. Maigidana ya lura, kawai ya ɗauki butarsa ya koma yin alwala a bakin durom, ruwan yana sauka a gindin shukar. Mahaucin ya gani ya kama. Kafin wani lokaci duk mazan gidan a nan suke tsugunawa, har sai da na riƙa tura yatsa ina korar wasu, ina ce musu ta ƙoshi, su dawo da la'asar.

Sai da muka sha azumi muka yi ƙaramar salla sannan ta yi furen farko a gidanmu. Da rana ba ka jin komai, ƙamshin kifi da agada na masu tuya a ƙofar gida ya danne shi. Amma da rana ta yi sanyi, wajen magariba, sai ya taso. Wata maƙwabciya ta zaci turaren wuta na sake, ta zo tambayar inda na saya. Yaran gidan da suka gano zumar, sai da na kafa musu doka: furen da ya koma ɗorawa kaɗai za a tsinka, fari a bar shi. Ma ta sa aka matsar mata da kujera kusa, wai rana ce take damunta a wancan gefen, alhali da yamma babu rana a ko'ina a tsakar gidan. Maigidana ya mayar da shan shayinsa wurin. Idan ya yi baƙi daga tasha, kafin su zauna sai ya nuna musu, yana cewa ga furenmu.

Wata safiya na yanki ɗan reshe na sa a kofi na tafi da shi rumfa, na ajiye a bayan tulin atamfa. Wata mata ta zo tana juya turmi, ta kai shi hanci, ta ajiye, ta ɗauki wani ta sake shinshinawa. Can ta tambaye ni ko yanzu da turare ake bugo su. Na so in bar ta a haka, amma na fito mata da kofin. Ta sayi turmin, ta kuma roƙi reshen, na ba ta.

Ana saura 'yan kwanaki babbar salla, wadda a nan ake ce wa Tabaski, mahaucin ya shigo da wani rago. Kowace shekara yakan kawo 'yan raguna ya ɗaure a ƙofar gida kafin masu su su zo ɗauka, amma wannan dabam ne, fari tas, dogo, da murɗaɗɗen ƙaho. Wani babban ɗan kasuwa ne ya ba shi amanar ya zaɓo masa, shi ya sa bai yarda ya bar shi a waje ba. Ya ɗaure shi jikin ƙarfen tagarsa, ya yi masa wanka da sabulu, yana ba shi dusa da hannu. Na auna igiyar da ido, na ga ba za ta kai wajen shukata ba, na tafi kasuwa hankali kwance. Lokacin ciniki ne, mata na ta yankan kayan salla, ban samu dawowa ba sai dab da magariba.

Ina shiga na tarar gidan ya yi tsit. Ma ta amsa sallamata ƙasa-ƙasa ba ta dube ni ba. Na juya wajen bangonmu, sai durom da wasu 'yan sanduna a tsaye, babu ganye, babu fure. Ragon ne ya tsinke igiya lokacin da kowa ya shige ɗaki gudun rana, Ma kuma barci ya ɗauke ta. Ga shi can an sake ɗaure shi da sabuwar igiya, yana tuƙa, yana kallona.

Ban kai ga buɗe baki ba mahaucin ya taho da sauri, hularsa a hannu. Na ɗauka haƙuri zai ba ni.

"Hajiya, don girman Allah, abin nan yana da guba?"

Na ce masa ban sani ba, ni ban taɓa ci ba.

"Ragon amana ne, Hajiya. In ya kwanta na shiga uku."

Haushi da dariya suka kama ni lokaci guda. Ga mutum ya yi zuru-zuru, gumi na zuba, ashe tun la'asar yake taɓa cikin rago yana buɗa masa ido. Maigidana ya shigo aka faɗa masa abin da ya faru. Ya dubi sandunan, ya dubi ragon, ya ce ai tun ranar farko aka faɗa mana sunan abin, mu ne ba mu ji ba, kuskuren kawai rago ne ya zo maimakon akuya. Ma ta fara dariya tana rufe baki da mayafi, daga nan kowa ya kama. Ni ma na yi, amma da na shiga ɗaki sai da na share hawaye, abincin kirki ma ban ci ba.

Rago dai ko atishawa bai yi ba. Jajiberen salla mai shi ya aiko aka tafi da shi. Ranar salla da yamma mahaucin ya yi sallama a ƙofarmu da cinyar nasa ragon a faranti, ya tsuguna ya ba da haƙurin da ya manta bai bayar ba. Bayan kwana biyu kuma ya kawo mini buhun busasshen kashin tumaki daga inda ake sayar da dabbobi, ya ce a garinsu da shi ake gyara gona, ko zai yi amfani. Na yi masa godiya, amma na ce abin da ya mutu ba ya cin taki. Niyyata in juye ƙasar in mayar da durom ɗin ta jiƙa wanki.

Inna ce ta hana ni. Ta zo mana barka da salla, na nuna mata ina ba ta labari. Ta sunkuya da ƙyar, ta kankare bawon sanda ɗaya da farce. Ciki kore ne shar. Ta ce in kawo wuƙa mai kaifi. Duk inda ragon ya tauna ya bar zare-zare ta yanke shi sumul, a karkace, ta marmasa takin kaɗan ta barbaɗa a gefe-gefe, ba a jikin gindin ba. Ta ce a ba ta ruwa a ƙyale ta, a daina tsaya mata a ka. Na lura hannun Inna bai manta ba, duk shekarun da ta yi ba ta taɓa ƙasa ba. Ranar ta daɗe a gidanmu fiye da yadda ta saba.

Toho ya fito a kowace gaɓa, ja-ja da farko, sannan ya koma kore. Inda da reshe ɗaya ne sai ga uku ga huɗu. Kafin ƙarshen shekara shukar ta cika durom ta zubo ta gefe, ta yi fure irin wanda ba ta taɓa yi ba. Daga nan na koyi yi mata aski. Duk lokacin da fure ya gama sai in ɗauko tsohon almakashin rumfata da na sa aka wasa, in rage mata tsawo, in cire rassan da suka tsufa tun daga gindi. Mahaucin kuwa ya samu abin faɗa. Duk baƙon da ya yaba furen sai ya ce ai ragonsa ne ya yi aikin.

Rassan da nake yankewa na daina zubarwa. Nakan cire ganyen ƙasa, in soka su a gwangwanin tumatir da yashi da baƙar ƙasa, in jera a inuwa. Wasu su bushe, wasu su kama. Na kai wa Inna biyu Adjamé ta ajiye a bakin tagarta. Matan layinmu na kasuwa suka karɓa, wata ma ta tafi da nata har Bassam. Duk da haka gwangwanaye suka yi yawa a jikin bango, har masu shanya suka fara tuntuɓe da su.

Ana nan sai babban ɗan Ma ya zo hutu daga Turai. Ya ga tsakar gida ta farfashe, ya ce zai sa a fasa simintin a shimfiɗa tayil daga ƙofa har bayi. Kowa ya yi murna, don damina ta ishe mu. Amma ya ce idan an gama ba ya son ganin durom ko gwangwani, gida zai zama tsaf. Cikin ladabi ya faɗa, kuma gidan ubansa ne, ba ni da ta cewa. Na fara tunanin wa zan ba ƙananan, wa kuma zai iya riƙe mini uwar.

Ranar da magina suka zo da guduma, Ma ta tashi daga kujerarta, ta dogara sandarta har jikin bangonmu. Ta kira ɗan nata, ta ja layi da bakin sandar a kan siminti, daga ƙofarmu har kusurwa.

"Nan ba za a rufe ba," ta ce masa. "A fasa, a bar mini ƙasa."

Ya fara bayanin cewa ruwa zai shiga gindin bango, tayil ɗin ma ba zai yi kyau ba. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce ta tsufa a gidan nan tana shaƙar kwata, yanzu da Allah ya kawo mata abin shaƙa ba za a fitar mata da shi ba, in tsoron ruwa yake yi ya sa a yi ɗan dakali tsakanin ƙasar da bango. Ya dube ni, na sunkuyar da kai kamar ba na jin Julanci. Haka aka yi.

Da aka ɗaga simintin na leƙa in ga ƙasar Treichville a karon farko. Yashi ne fari-fari a jiƙe, da ɓaraguzan gini da 'yan bawon katantanwa. Muka kwashe na sama, maigidana ya sa aka turo baƙar ƙasa a amalanke, mahaucin ya kawo taki. Aka ɗaga wurin ya fi tayil tudu don kada ruwa ya kwanta. Fitar da uwar daga durom sai da aka tsaga robar da wuƙar fawa, saboda saiwa ta cika ta, ta nannaɗe kamar gammo. Na warware ta da yatsu a hankali, muka sa ta a tsakiya, 'ya'yanta na gwangwani a hagu da dama, da tazara a tsakaninsu, ko da yake a lokacin wurin ya yi kamar ba kowa. Inna ta zo daga Adjamé musamman ta zauna kusa da Ma, ɗaya tana ba da umarni da Hausa, ɗaya da Julanci, kuma ba kullum umarnin yake zuwa ɗaya ba. Wanda ya fi kusa da kunnenka shi kake bi.

Yanzu sun haɗe sun zama layi guda, tsayinsu bai wuce ƙuguna ba, don ba na barinsu. Tunda suka shiga ƙasa ba su cika neman ruwa ba sai in rani ya tsananta. Mahaucin ya yi aure ya koma kusa da mayanka, amarya ta tafi da gwangwani biyu a cikin kayanta. Ragunan salla kuwa a waje ake ɗaure su, wannan dokar Ma ce, kuma babu wanda ya taɓa neman sassauci.

A watan da ya wuce, wata Lahadi da ban fita kasuwa ba, ina wanki a bakin famfo da hantsi, sai Ma ta yi mini alama da hannu in tsaya. Na bi idonta. Wani ɗan tsuntsu ne da bai fi babban yatsa ba, da dogon baki lanƙwasasshe, wuyansa yana sheƙi kore da shuɗi. Ya sauka a reshe, reshen ya ɗan lotsa, ya tura baki cikin fure, ya fito, ya koma na gaba. Ni dai tun da nake a garin nan, in ban da tattabaru da hankaki da jemagu, ban taɓa ganin mai fiffike irin wannan ba, kuma ban san ta inda ya biyo ba tsakanin tashar mota da tashar jirgi. Na tsaya da kumfa a hannu, bokiti ya cika yana malala, babu wadda ta motsa ta rufe famfo. Ya gama zagayensa ya tashi ta saman igiyar shanya. Ma ta ce gobe zai dawo.

Washegari na makara, har maƙwabciyar rumfata ta kira ni a waya tana tambaya ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, baƙo nake jira, ta ɗan duba mini rumfa. Wajen hantsi ya zo, da wata 'yar tsuntsuwa a bayansa mai launin toka.